Baƙunta a Maraɗi: Yadda Za Ka Kula da Hankalinka

Wanda ya taso daga Jibiya ya bi ta Ɗan Isa ya shigo Maraɗi ta Nijar, da wuya ya ji a jikinsa cewa ya bar ƙasarsu. Hausa ake yi, tuwon gero ake ci, sarkin garin ma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, tun da Katsinawa ne suka kafa sarautar bayan jihadi. Wannan kamannin yana da daɗi, amma yana ruɗar sabon zuwa. Sai ka ga mutum ba ya barci, abinci ba ya shiga, gaba na faɗuwa ba dalili, yana kuma zargin kansa da rashin godiya ko raunin imani, don a ganinsa ai bai je ko'ina ba. Ɗan'uwa, ai ka je. Ka bar gonarka ko shagonka, ka bar mutanen da suka san sunan kakanka, kuma hakan kaɗai ya isa ya nauyaya zuciya.

Ballantana wanda ba da son ransa ya fito ba. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakowa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Ƙauyukan Gidan Runji ne suka fara karɓarsu, daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da rikici ya taɓa, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga ciwon damuwa da firgici har zuwa masu tsanani. Ke nan in kana cikin wannan hali, ba kai kaɗai ba ne a unguwar, ko da kowa ya yi shiru.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ƙarar babur. Maraɗi garin kabu-kabu ne, ba dare ba rana. Matar da aka taɓa shiga garinsu da babura, tana cikin tuƙa tuwo sai babura biyu ko uku su wuce tare, ta saki muciya, hannu na rawa, ido ya kafe a ƙofa. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Jiki ne bai yarda an tsira ba tukuna. Kada a yi mata faɗa, kada a daki yaron. A zauna kusa da ita, a kira sunanta, a faɗa mata inda take, ta ja numfashi ta hanci a hankali ta fitar da shi a tsawaice, har ƙirji ya lafa. Yaro kuwa a sa shi lakwal, wato makarantar boko, ko makarantar allo da wuri, domin tashi da safe a je wuri ɗaya kullum yana kwantar wa yaro hankali fiye da dogon lallashi.

Sai waya. Na san dalilin da ya sa ba ka iya ajiye ta: akwai naka a can. To amma bidiyon gawarwaki da ake turowa ta WhatsApp, da muryoyin "an ce za su shigo yau", ba su kare kowa ba, kai ne suke hana runtsawa. Ka tsayar da lokacin kiran gida, misali bayan la'asar, ka ji labari daga bakin mutum ɗaya da ka amince da shi. Bayan isha'i ka bar ta.

Kuɗi ma na da nasu rabon. Naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, abin da ka zo da shi yana narkewa a hannun 'yan canji, ga lissafin nan da dala ake yi: in an ce dala ashirin, sefa 100 ake nufi, jika guda kuma 1000. Ka koyi wannan a makon farko, don jin kamar kullum ana cutarka a kasuwa yana sa mutum ya tsani fita. Takardunka ma ka gyara su, ka je ka gaida mai unguwa ya san da zamanka. In gudun hijira ya kawo ka, ka nemi rajista a wajen hukumar HCR, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da 'yan gudun hijira. Wanda yake ɓuya duk lokacin da ya hangi jandarma ba zai sami natsuwa ba.

A ganina babban abin da zai riƙe ka shi ne mutane, kuma su ba sa zuwa ɗaki su same ka. Ka zaɓi masallaci ɗaya ka lizimce shi har a fara tambaya in ba a gan ka ba. Ko a unguwar Zariya ta Maraɗi kake, ko Ali Ɗan Tsoho, ko Bagalam, akwai fada a bakin titi inda matasa ke dafa shayi, kuma sallama ta isa a matsa maka a benci. Sai dai ka rage shayin dare da goro in barci na yi maka wuya. Mata kuma su nemi ƙungiyar asusu. A wannan jiha aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a 1991, kuma zaman mako-mako da suke yi, bayan zubi da rance, wuri ne da mace ke samun wadda za ta faɗa wa abin da ke cin ta.

Akwai abin da nake roƙonka da Allah ka guje masa: tiramol da ƙwayoyin barci na masu tallar magani a titi. Wani zai ce maka suna ɗauke tunani, suna ƙara ƙarfin aiki. Suna kama mutum, tiramol in ya yi yawa har jijjiga yake sawa kamar farfaɗiya, tunanin kuma yana nan yana jira.

Addu'a da zikiri da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, ka riƙe su. Neman magani bai saɓa musu ba. In ka kai mako biyu ba ka jin daɗin komai, barci ya ƙaurace, aikin da ka saba ya gagare ka, je ka likitar unguwa, wadda ake kira CSI. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka kada ka tsaya ga "ciwon kai" ko "jiki ne ba daɗi". Ka ce tunani ya yi maka yawa, ka faɗi abin da ka gani a gida in za ka iya. Za su duba hawan jini da zazzaɓin cizon sauro, in da buƙata su tura ka babban asibitin jiha. Mai jego da ta daina kula jaririnta, ko take kuka ba dalili, a kai ta ba tare da jiran arba'in ba.

In kuwa wani ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, kada a ce wasa yake, kada kuma a ɗaure shi. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera da igiya daga ɗakin, wani ya zauna tare da shi, a kai shi asibiti a ranar.