Yadda ake manna katako da leda da injin zuƙar iska

Kafintocin Maradi, ga dabarar manna falle, wato siririn katako, a kan allo ba tare da matsi na ƙarfe ba.

1. Nemi leda mai kauri da tsohon kwampireso na firiji. Bakinsa mai zuƙa za ka haɗa wa tiyo.

2. Kaɗe ƙura tas, musamman lokacin hunturu. Goge kusurwoyin allon, domin kaifinsu na huda leda.

3. Shafa gam siriri, ko'ina daidai. Yi hanzari, zafin garin nan ba ya jiran kowa. Ɗora fallen.

4. Shimfiɗa guntun gidan sauro a kai, har zuwa bakin tiyon. Mutane na raina wannan, amma in babu shi leda za ta lafe ta toshe tiyo, iska ta maƙale a tsakiya.

5. Saka allon da bakin tiyon cikin ledar, liƙe bakinta, kunna inji. Iskar waje ce ke dannawa, kusan kilo 1 a kowane santimita murabba'i in an zuƙe sosai. Ka ji "sss"? Akwai huji, liƙe shi.

6. Bar injin yana aiki har gam ya kama, amma riƙa taɓa shi, kwampireso na saurin zafi.