Matakan Kafa Ganuwa a Farkon Wasan Stronghold 2

Kamfanin Firefly Studios ne ya ƙirƙiri Stronghold 2, wasan kwamfuta na gina gari mai ganuwa da ya fito a shekarar 2005, kuma a cikinsa gina ganuwa ba ya yiwuwa sai cikin talakawa ya cika.

1. Ka fara ajiye ma'ajiyar kaya da rumbun abinci kusa da fada, domin idan suka yi nisa, ma'aikata za su ɓata lokacinsu a hanya.

2. Ka kafa wuraren yankan katako a bakin daji, tunda kusan kowane gini na farko katako yake buƙata.

3. Ka shuka gonakin tuffa, ka kafa wurin mafarauta, sannan ka ƙara bukkoki, kowace tana ɗaukar mutum 8.

4. Ka sa ido a kan ma'aunin farin jininka a wurin talakawa. Muddin ya haura 50 mutane za su riƙa shigowa, amma da ya sauka ƙasa za su fara watsewa, don haka kada ka ɗora haraji kafin abinci ya wadata. A ganina nan ne sababbin 'yan wasa suka fi yin asara.

5. Ka gina ramin kwashe ƙazanta da wurin mai shahon da ke kashe ɓeraye, saboda ƙazanta da ɓeraye suna rage farin jini.

6. Daga nan ka buɗe mahaƙar dutse, ka sa shanu su kwaso shi, ka ja bango, ka kuma shirya liyafa a fada domin tara martabar da ake ɗaukar mayaƙa da ita.