Yadda ake yi wa tsohon littafi sikanin ba tare da an lalata shi ba

A gidajen malamai na Gwandu, Jega da Birnin Kebbi akwai littattafan da takardarsu ta yi ja har tana karyewa, bugun Masar da na hukumar wallafa littattafai ta NORLA da ke Zariya a shekarun 1950. Gara da danshin damina ne ke cinye su. Sikanin, wato ɗaukar hoton shafuka da inji zuwa kwamfuta, yana ceton abin da ke ciki, amma yin sa da gaggawa shi ke ƙarasa lalata littafin.

Tun daga gida ka kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Idan akwai fumfuna, shanya shi a inuwa, ba a rana ba. Kada ka liƙe yagewa da salatif, domin gam ɗinsa yana cin takarda ya bar tabo. Littafin da ke warware a gafaka kuwa, sa wa kowace takarda lamba da fensir, sannan ka rubuta jimillar shafuka.

A shagon sikanin, tambayar farko ita ce irin injin da suke da shi. Akwai mai zuƙar takarda da kansa, wanda sai an yanke ɗinkin littafi kafin ya yi aiki. Wannan kada ka yarda, komai arharsa. Mai murfi kuma sai an kifa littafi an danna, nan take gindin yake tsagewa. Wanda ya dace shi ne mai ɗauka daga sama, littafi yana kwance a buɗe kamar a kan katakon ɗora Alƙur'ani, kada buɗewar ta wuce digiri 120.

Ku daidaita kan inganci kafin kuɗi. Rubutun boko 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto, wato yawan ɗigo a kowane inci) ya ishe shi. Larabci da ajami a kai su 400 zuwa 600, in ba haka ba wasula da ɗige-ɗige su narke, a kasa bambance harafin "ba" da harafin "ta". A ɗauka da launi matuƙar akwai jan tawada ko ta'aliƙin malam a gefe, kuma kada a datse gefen, sau da yawa nan ilimin yake.

Ka nemi fayil iri biyu: TIFF (hoto mai cikakken inganci) na ajiya da PDF na karatu. Shafin A4 mai launi a 300 dpi yakan kai megabait 25 a TIFF, wato shafi 200 kusan gigabait 5 ne, sai ka zo da filas mai wadatar wuri. Idan za a mayar da hoton ya zama rubutun kwamfuta, sani cewa manhajoji da yawa suna maida ƙ, ɗ da ɓ zuwa k, d da b, dole mutum ya bi ya gyara.

A fara da shafi 10 na gwaji. Bayan an gama, ƙirga shafuka a kwamfutarsu, ka duba inuwar tsakiya da kan haɗiye ƙarshen layi, sannan ka biya. Ajiye kwafi a wuri uku.

Kafin ka yaɗa a WhatsApp, tuna cewa a dokar Najeriya haƙƙin mallaka yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci.