Yadda talabijin da sandba za su riƙa kunnuwa tare

In ka gaji da ɗaukar rimot uku kafin ka fara kallo, abin da kake nema sunansa HDMI-CEC, wato tsarin da ke sa na'urori su bi umarnin juna ta wayar HDMI, yana cikin yawancin talabijin na zamani tuni, sai dai kowane kamfani da sunan da ya laƙa masa, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Shiga saitin ka kunna shi, ka kunna a sandba ɗin ma (doguwar sifikar da ake haɗawa da talabijin), sannan ka jona wayar HDMI a ramin da aka rubuta ARC, kar ka sa a wani. Shikenan fa, kana kashe talabijin sandba zai bi shi, ƙarar sauti ma rimot ɗaya ne. Tsohuwar amfilifaya marar HDMI kam sai ka nemo soket mai ramin master, ka sa talabijin a master ɗin, amfilifaya a wani ramin, soket ɗin ke yanke wa sauran ramukan wuta da zarar talabijin ya mutu, amma kar ka sa dikoda a kai don tana jinkirin tashi.