Yadda za ka kunna Linux a cikin Windows ɗinka ba tare da ka yi wa laftof fomatin ba

Satin da ya wuce wani yaro ɗan maƙwabtanmu nan Badariya, ɗalibin kwamfuta ne, ya shigo shagona riƙe da laftof ido ya yi jawur. Wai malaminsu ya ce kowa ya zo da Linux, wato wani sistem mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, shi kuma ya kalli wani bidiyo rabi da rabi, ya soka filashi, ya ga an rubuta Erase disk ya danna kawai. Shi ke nan Windows ta tafi, furojet ɗinsa ya tafi, har hotunan bikin yayarsa da aka ba shi ajiya. Na ce kai ɗan nan mi ya kai ka? Ya ce wallahi Yaya ban san haka za ta faru ba. To saboda ire-irensa da ke zuwa mini daga Aliero da Kalgo na ce bari in zauna in rubuta wanga abu sau ɗaya in huta.

Abin da ake yi shi ne a yanka wa baƙo ɗaki a cikin gida. Windows ɗinka ita ce mai gida, Linux kuma baƙo, manhajar da ke tsakani ita ce za ta ƙirƙiro wata kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske, da RAM ɗinta da ma'ajiyarta, baƙon yana ciki yana zaton gidan duka nasa ne alhali duk duniyarsa fayil guda ce a cikin wata folda. Ya ƙona ɗakinsa ma babu abin da zai taɓa naka. Manhajojin suna da yawa, akwai VMware Workstation wadda tun 2024 ta zama kyauta, akwai Hyper-V da ke zuwa cikin Windows Pro amma ba ta cikin Home, ni dai VirtualBox nake sa wa mutane. Wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ne ya fara yin ta, kamfanin Sun ya saye shi a 2008, kamfanin Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010, yanzu dai a hannun Oracle take kuma ba ka biyan ko sisi.

Kafin ka ƙona data, fara duba ko injin naka zai ɗauka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, shiga Performance ka taɓa CPU, can ƙasa ta dama za ka ga Virtualization, wato damar da injin ke bayarwa a yi kwamfutar ƙaryar nan. In an rubuta Enabled ka wuce. In Disabled ne, kuma yawancin laftof ɗin Beljiyam da muke saye haka suke zuwa, sai ka shiga BIOS, wato saitin injin da ke tasowa kafin Windows. Kashe kwamfutar ka kunna, tana tasowa ka riƙa bubbuga F10 in HP ce, F2 in Dell ce, Lenovo kuma F1 ko F2. Ka nemi Virtualization Technology ko VT-x in Intel ce, masu AMD kuma SVM Mode, ka mayar da shi Enabled ka yi sebin ka fita. Don Allah kada ka taɓa komai bayan wannan a cikin BIOS, ba wurin yawon buɗe ido ba ne.

Sai maganar RAM, nan ne ake yawan faɗa da ni. Mai 8GB yana cikin rufin asiri. Mai 4GB zai iya amma sai da haƙuri, kuma sai ya zaɓi Linux mara nauyi ya rufe Chrome da shafukanta ashirin. Mai 2GB kuwa gaskiya ka bari har Allah ya hore.

Yanzu saukewa. Abu biyu kake buƙata, ita VirtualBox daga virtualbox.org, ka zaɓi Windows hosts, ba ta da wani nauyi, sai kuma fayil ɗin ISO na Linux ɗin da kake so, wato hoton faifan da ake girka ta da shi. Ubuntu 24.04 ta kai wajen 6GB, Linux Mint kuwa ba ta cika 3GB ba, kuma fuskarta ta yi kama da Windows, shi ya sa nake cewa sabon shiga ya fara da Mint, mai ƙaramin RAM ya ɗauki wadda aka rubuta Xfce. Ku haɗu ku biyar a aji mutum ɗaya ya sauke da datar dare sauran su kwafa a filashi, ba sai kowa ya yi asara ba.

Girka VirtualBox ba wani abu ba ne, Next Next ne har ƙarshe. Intanet zai ɗan yanke na ɗan lokaci kada ka tsorata. In ta ce tana neman Microsoft Visual C++ ka sauke shi daga shafin Microsoft ka sa sannan ka dawo.

Ta buɗe, danna New. Sa suna, ko Mint kawai ka rubuta ya isa, a wurin ISO Image ka nuna mata fayil ɗin da ka sauke. Akwai wani ɗan akwati na Unattended Installation, ma'anarsa ita ta girka maka komai da kanta, ni ina hana ta don ɗalibi ya ga kowane mataki da idonsa, ai koyo aka zo yi. Wurin Base Memory za ka ga wani layi mai kore da ja, kada ka kuskura ka shiga ja. Mai 8GB ya ba baƙo 3072 ko 4096MB, mai 4GB ya tsaya a 1536 ko 2048. Mutane suna ganin in sun ba baƙo da yawa zai fi gudu, sun manta mai gida ne ke ɗauke da shi, ka kwashe tuwon gidan duka ka kai zaure mai gida ya kwana da yunwa, daga ƙarshe su biyun su sandare maus ma ya ƙi motsi. Processors ka ba shi 2 in kana da 4. Ma'ajiya ka sa 30GB, kuma ka bar akwatin Pre-allocate Full Size babu alama, ta haka fayil ɗin zai riƙa girma ne daidai abin da ka zuba, ba zai cinye 30 ɗin nan take ba.

Danna Start. Wata taga za ta buɗe kamar an kunna sabuwar kwamfuta, Mint za ta taso, ka danna Install Linux Mint sau biyu, zaɓi harshe da kibod, wurin lokaci ka zaɓi Legas. To ga abin dariyar, za ka iso daidai wurin da yaron nan ya halaka, Erase disk and install. A nan ka danna abinka hankali kwance, domin faifan da take gani na ƙaryar nan ne mai 30GB, in ka lura da sunansa ma za ka ga VBOX HARDDISK. Da na zaunar da shi ya sake yi a gabana sai da hannunsa ya yi rawa kan maus, ya waiwayo ya ce Yaya ka tabbata? Na ce danna mana. Sa sunanka da kalmar sirri wadda ba za ka manta ba don kullum Linux sai ta tambaye ka ita, ka je ka yi sallah ka dawo ta gama. In ta ce a cire faifai a danna Enter, Enter ɗin kawai za ka danna.

Wani abu da ke firgita mutane, ka danna cikin tagar sai maus da kibod su maƙale a ciki. Ctrl na hannun dama shi ne makullin fita.

Za ka ga sikirin ɗin ƙarami ne ya ƙi cika, maganinsa Guest Additions, wasu ƙarin manhajojin VirtualBox da ake sa wa baƙon. A saman tagar ka shiga Devices ka danna Insert Guest Additions CD image, ka bar shi ya gudana, sa kalmar sirri, ka sake kunna baƙon. A Devices ɗin dai ka mayar da Shared Clipboard zuwa Bidirectional don ka riƙa kwafar rubutu daga nan zuwa can. In kana son folda ɗaya da su biyun za su riƙa gani, Settings, Shared Folders, zaɓi foldar ka sa Auto-mount, sannan a cikin Linux ka buɗe Terminal, tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta sudo usermod -aG vboxsf $USER ka sake kunnawa, in ba haka ba za ta ce ba ka da izinin shiga.

Da zarar komai ya zauna, kafin ka fara ɓarna, shiga Machine ka danna Take Snapshot. Wannan shi ne abin da na fi so a duk harkar. Hoton halin da injin yake ciki ne a wannan lokacin, gobe in ka rubuta wani umarni da ka tsinto a intanet Linux ta ƙi tashi, sai ka kashe ta ka danna Restore ta dawo yadda take kamar ba a yi ba, minti ɗaya bai cika ba. Amma kada ka tara su goma sha, suna cin wuri, kuma ba madadin ajiye aikinka a filashi ba ne, in faifan gaske ya mutu da su zai tafi.

In ka ga ɗan kunkuru kore a ƙasan tagar kuma komai yana jan ƙafa, Hyper-V ce ta riga ta kama wurin. Rubuta Turn Windows features on or off a wurin bincike ka cire alamar Hyper-V da Virtual Machine Platform, wani lokaci har Memory integrity da ke cikin Windows Security, sai dai ka sani wannan na ƙarshen kariya ce kake ragewa, ka auna da kanka.

Sai zafi da wuta, mu nan Birnin Kebbi a watan Afrilu laftof ko ba ta komai tana huci balle tana ɗauke da sistem biyu. Kada ka aza ta kan katifa, ka samu benci ko faranti ka ɗan ɗaga bayanta. In aka ɗauke wuta batir kuma ya fara ja, rufe tagar ka zaɓi Save the machine state, in ka dawo daga inda ka tsaya za ta ci gaba.

Masu bizines santa da ke da tsohuwar manhaja wadda sai a Windows 7 take aiki, hanyar ɗaya ce, ISO ɗin ne kawai ya bambanta kuma lasisin Windows yana nan a kanka. Sai dai Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro tun Janairun 2020, saboda haka ka shiga Settings, Network, ka cire alamar Enable Network Adapter ka bar ta ba intanet.

Ranar da ka gaji da baƙon, danna dama a kan sunansa, Remove, ka zaɓi a goge har da fayilolin, wurinka ya dawo. Yaron nan dai yanzu Mint da Kali, wani irin Linux ɗin, yake juyawa a laftof ɗaya, furojet ya sake rubutawa daga farko, hotunan biki kuma kaɗan muka iya cetowa, yayar tasa har yau ba ta sani ba.