Yadda Ake Hana Littattafan Mamaci Watsewa

Duk wanda ya daɗe yana tara littattafai da rubuce-rubucen hannu ya sani cewa ranar da ya kwanta dama sun zama dukiyar gado. Darajarsu kuwa tana cikin zamansu wuri guda. In aka raba littafi mai mujalladi goma tsakanin 'ya'ya biyar, kowa ya tashi da abin da ba zai amfane shi ba.

Mai su ya yanke shawara tun yana da lafiya. A mazhabar Malikiyya, kyauta da wakafi ba sa tabbata sai wanda aka ba ya karɓa kafin ciwon ajali. Nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure: mutum ya ce "na ba wane", amma littattafan suna ɗakinsa har ya rasu, sai su koma cikin gado. Wasiyya kuma ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. A rubuta ta, a sa shaidu biyu.

In an riga an yi rasuwar, a kulle ɗakin tun ranar farko, domin a kwanakin zaman makoki ake yawan aron da ba a dawowa da shi. Mutum biyu su rubuta jeri: sunan littafi da yawan mujalladansa, su ɗau hotonsa da waya. A duba shafin farko, wanda ke ɗauke da sunan wani a mayar masa. Bayan biyan bashi da zartar da wasiyya, masana biyu su yi wa sauran kima, magaji ɗaya ya ɗauka a cire daga rabonsa. In akwai marayu, babu mai ikon yafe kasonsu.

Rubutun hannu na gafaka ba a ɗinke yake ba. Kalmar da ke ƙasan shafi ita ce farkon warƙa ta gaba, da ita ake gane jerin, don haka kar a hargitsa. Kar a manna selotef, kar a ƙulle a leda saboda danshi, a kuma ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. In ba mai kula a gida, a tuntuɓi Arewa House a Kaduna ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a fayyace a rubuce ko kyauta ce ko ajiya.