Yadda za ki kafa sana'ar katin gaisuwa tare da iyalinki

Kafin ki zauna zane, ki zaɓi ambulan. Ambulan C6 milimita 114 ne da 162, katin da ke shiga cikinsa kuwa A6 ne, wato 105 da 148. Takardar A4 ɗaya idan kin raba ta biyu, kika ninke kowane rabi, kin samu kati biyu. Wadda ta yanka kati yadda ta ga dama, ita za ta sha wahalar neman ambulan.

Nauyin takarda ya kasance giram 250 zuwa 300 a murabba'in mita. Ƙasa da 200 kati ba ya tsayuwa da kyau a kan tebur. Sama da 300 kuma yawancin firintocin gida sukan cije. Ki riƙa sa takardar ta ƙofar baya, ɗaya bayan ɗaya.

A wajen ninkewa ne aka fi yin ɓarna. Takarda mai kauri idan aka ninke ta kai tsaye, bayanta yakan tsage, tawada ta fashe, farin layi ya fito. Ki ɗora rula, ki ja layi da abu marar kaifi, sannan ki ninke. Takarda kuma tana da hanyar da zarenta ya bi: ki lanƙwasa ta a hankali ta tsaye da ta kwance, inda ta fi saurin bi nan ne hanyar, ninkin ya bi ta nan. Gam mai ruwa yana sa kati ya kumbura, salatif mai fuska biyu ya fi.

A kwamfuta ki sa zanen a dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, ki ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Launi ya fi haske a allo fiye da a takarda, don haka ki buga guda ɗaya ki duba tukuna.

Zane shida ya isa farawa, kowanne guda ashirin, irin su na aure, haihuwa, godiya, jaje. Kada ki buga shekara a jiki, ragowar ba za ta sayu baɗi ba.

Sai batun 'yan gida, wanda ya fi takarda wuya. Kowa da aikinsa: mai zane, mai yanka, mai kai kaya, mai riƙe littafi. Kuɗin sana'a a raba shi da na cefane, ladan kowa a rubuce, har da naki. Masu shago kan sari kati a wajen rabin kuɗin da za su sayar, saboda haka ki tabbata rabin nan ya biya takarda, tawada, ambulan, waɗanda suka lalace da lokacinku.